SHAWARAR JARIRAI: ABIN DA YA WAJABA IYAYE SU SANI KAFIN RANAR SUNA

A bisa al'adar Hausawa da maƙwabtansu, idan mace ta sauka lafiya, ita da abin da ta haifa sukan zauna a ɗaka har kwana bakwai. 'Yan barka na shiga suna fita, ana hura wutar ruwan wanka safe da maraice, ana dama kunun kanwa, shi kuwa angon ƙarni hankalinsa yana can wajen rago da goro da kayan fitar suna. A cikin wannan hidima ba safai akan sami wanda zai ɗauko jaririn ya kawo shi bakin ƙofa, ya kwance masa zane, ya dube shi da kyau cikin hasken rana ba. Ɗakin maijego galibi yana da duhu-duhu, taga a rufe don gudun iska, jariri kuma a dunƙule cikin zane da hula da safa, ba a ganin kome nasa sai 'yar fuska.

To, a daidai waɗannan kwanaki ne ciwon shawara yake kama jarirai. Yakan soma a rana ta biyu ko ta uku, ya kai iyakar ƙarfinsa tsakanin rana ta uku da ta biyar. Watau kafin a kai ga ranar suna sau da yawa ya riga ya yi abin da zai yi, ko dai ya wuce salin-alin, ko kuwa ya bar wa yaro lahanin da zai zauna da shi muddin ransa. Likitoci sun ƙiyasta cewa daga cikin jarirai 10 da aka haifa da cikakkun watanni, 6 sukan nuna alamar shawara a makon farko, a cikin bakwaini kuwa 8 ne cikin 10. Mafi yawansu ba ta yi musu kome. Amma akwai kaɗan da takan taɓa wa ƙwaƙwalwa, kuma babu mai iya rarrabe waɗannan da waɗancan da ido kawai. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 kaɗai na haihuwa a Nijeriya aka yi a asibiti, a jihohin Arewa maso Yamma ma kashi 16 ne. Ashe ke nan mutumin farko da zai iya ganin shawara a jikin yawancin jarirai yana cikin gida: uwa, ko kaka, ko ungozoma, ko uba.

ABIN DA YAKE KAWO TA

Da farko ya kamata a bambanta ta da shawarar manya. Wadda takan kama babban mutum yawanci alama ce ta ciwon hanta, akwai kuma zazzaɓin shawara wanda sauro yake yaɗawa. Ta jarirai asalinta dabam ne. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma ba man ja ko maiƙon da uwa ta ci sa'ad da take da ciki ne yake kawo ta ba.

Ga yadda abin yake. Jinin ɗan Adam cike yake da waɗansu ƙananan ƙwayoyi jajaye, su ne masu ɗaukar iskar numfashi su kai ta ko'ina cikin jiki. Kowace ƙwaya da wa'adinta. A jikin babba takan yi kamar kwana 120 sa'an nan ta mutu, jiki ya yi wata sabuwa. Idan ta mutu takan bar wani saura mai launin rawaya, wanda likitoci suke kira bilirubin. Aikin hanta ne ta tace wannan saura daga jini, ta zuba shi cikin ruwan maɗaciya, ya bi ta hanji ya fita tare da bayan gida. Shi ne ma yake ba bayan gida launin da aka san shi da shi.

Jariri yakan zo duniya da jini mai kauri da waɗannan ƙwayoyi, ga su kuma da gajeren wa'adi, ba su cika wuce kwana 90 ba. Sa'ad da yake ciki, hantar uwarsa ce take yi masa tata ta hanyar mabiyiya. Da zarar an yanke cibiya sai aikin ya faɗo a kan tasa hantar, wadda ba ta gama ƙwari ba. Kaya sun yi yawa, ɗan dako ƙarami ne. Sai sauran nan ya taru cikin jini, ya rina fata da farin ido. Idan jariri yana da ƙoshin lafiya, yana kuma shan nono sosai, hantarsa takan kama aiki cikin 'yan kwanaki, rawayar ta dushe kafin ya cika mako biyu.

DUBA JARIRI KOWACE SAFIYA

Ganin shawara a baƙar fata ya fi wuya, shi ya sa take wuce wa mutane da yawa. Ga shi kuma jarirai a nan akan haife su da haske, sai daga baya su rine. Sau da yawa 'yan barka sukan ga rawayar su ɗauka hasken fata ne, a yi ta cewa yaro ya ɗauko kakarsa ta wajen uba.

Lalle ne kowace safiya, tun daga ranar haihuwa har zuwa suna, a kawo jariri bakin ƙofa ko jikin taga inda hasken rana yake shigowa. Hasken fitilar ƙwai, ko tocila, ko ƙwan lantarki mai ja-ja, ba ya nuna gaskiya. A dubi farin idonsa, a ɗaga leɓensa a dubi dasashi. Sa'an nan a sa ɗan yatsa a danna goshinsa ko kan hancinsa a hankali, a ɗauke. Idan wurin ya nuna fari kafin jini ya dawo, to, lafiya. Idan ya nuna rawaya kamar garin ɗorawa, akwai shawara. A kwance zane a yi haka a ƙirji, da ciki, da cinya, da tafin hannu, da tafin ƙafa. Dalilin bin wannan tsari shi ne, shawara daga kai take farawa ta gangara ƙasa gwargwadon yadda take ƙaruwa. Wadda ta tsaya a fuska ba ɗaya take da wadda ta wuce cibiya ba. In kuwa ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, to, ba a kwana da wannan jariri a gida.

Ido yana iya gano shawara, amma ba ya iya auna ta. Takan soma bayyana ne idan bilirubin ya kai kamar miligiram 5 cikin kowane mililita 100 na jini. Haɗari ga ƙwaƙwalwa yana ƙaruwa ƙwarai idan ya haura 20 ya doshi 25, ga bakwaini da jariri marar lafiya kuwa tun ƙasa da haka. Tsakanin 12 da 22 ko ƙwararren likita yana iya kuskure idan ya dogara da ido. Saboda haka duk jaririn da aka ga ya yi rawaya, ko da yana wasa yana shan nono, a kai shi wurin ma'aikatan lafiya a ranar. Suna da na'urar da ake ɗorawa a goshi ko ƙirji ta faɗi adadi nan take, ko kuwa su ɗebi ɗigon jini su auna. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yi wa kowane jariri wannan awo na fata kafin a sallame shi daga asibiti. Wajibi ne kuma iyaye su riƙe sa'ar da aka haifi ɗansu, ba ranar kaɗai ba, domin likita da sa'o'i yake lissafi: adadin da ba kome ba ne ga ɗan kwana huɗu, abin tsoro ne ga ɗan kwana ɗaya.

Akwai wadda ba ta da jira ko kaɗan, ita ce shawarar da ta bayyana kafin jariri ya cika sa'a 24 a duniya. Irin wannan kusan kullum alama ce ta cewa wani abu yana narkar da jininsa da sauri.

JARIRI MAI HAƘURI

Idan bilirubin ya yi yawa ainun, yakan ƙetare daga jini ya shiga ƙwaƙwalwa, ya zauna a sassan da suke kula da motsin jiki da ji. Abin takaici shi ne, alamomin farko na wannan haɗari sun yi kama da halin kirki. Jariri yakan yi ta barci, ba ya kuka, ba ya neman nono, in an tashe shi ya ɗan tsotsa sau biyu ya saki. Jikinsa yakan yi laƙwas. Sai a ji tsofaffi suna yabonsa, suna cewa an sami yaro mai haƙuri, ba ya damun uwarsa.

A misalta wani gida inda yarinya ta je wankan gida wajen iyayenta da ɗanta na fari. A rana ta huɗu ta lura tun asuba bai kama nono ba, idonsa kuma ya sake. Kunyar ɗan fari ta hana ta buɗe baki da ƙarfi. Da ƙyar ta ce, "Inna, kamar yaron nan ba ya jin daɗi." Uwar ta leƙa cikin duhun ɗaki ta ce, "Haba 'yar nan, ƙoshi ne. Ku tara na haifa, duk da haka kuka zo. Bari a sha suna, in bai sake ba a kai shi." Tsohuwar ba mugunta ta yi ba, kuma gaskiya ta faɗa game da 'ya'yanta tara. Sai dai daga rana ta huɗu zuwa ta bakwai kwana uku ne, lahanin da ake gudu kuwa cikin kwana ɗaya yana iya aukuwa. Kunya ado ce, amma nan ba wurinta ba ne. Ya kamata manyan mata su riƙa tambayar mai haihuwar fari da kansu: sau nawa ya sha yau, sau nawa ya yi fitsari?

Idan aka ƙyale, alamomin sukan sake kama. Jariri ya soma wani irin kuka mai tsini, mai ƙara, wanda lallashi ba ya tsai da shi. Wuyansa ya sanƙare, ya riƙa banƙarewa baya kamar baka. Jikinsa ya yi zafi, idanunsa su juya ƙasa, daga nan sai jijjiga. Waɗansu sukan rasu a wannan hali. Waɗanda suka tsira da yawa sukan tashi da kurumta, ko su kasa riƙe wuya, su kasa zama da tafiya a kan kari, hannuwa da ƙafafu suna murɗewa ba da nufinsu ba. A ƙauyuka da birane akan ce iska ce ta taɓa irin waɗannan yara, a yi ta yawon neman magani shekara da shekaru, alhali kuwa abin ya faru ne a makon farko, cikin ɗakin maijego. Wani abin tausayi kuma, da yawa daga cikinsu hankalinsu garau yake, jikin ne kawai ya ƙi bin umurninsu. Ƙwaƙwalwar da bilirubin ya riga ya ɓata ba ta komawa yadda take.

WAƊANDA SUKA FI SHIGA HAƊARI

Bakwaini da jariri mai ƙarancin nauyi suna kan gaba, don hantarsu ta fi rauni. Haka nan wanda ya sha wuya wajen haihuwa har jini ya taru masa ƙarƙashin fatar kai. Irin wannan kumburi ba a gasa shi, ba a matsa shi, ba a tsaga shi, da kansa yake bajewa, amma jinin da yake narkewa a ciki yana ƙara shawara. Wanda wansa ko yarsa suka yi shawara mai tsanani, shi ma a sa masa ido tun daga ranar farko.

Sai kuma saɓanin jini tsakanin uwa da ɗa. Idan rukunin jinin uwa O ne, na jariri kuwa A ko B, jikin uwa yana iya aika waɗansu sinadarai ta mabiyiya su riƙa fasa ƙwayoyin jinin ɗanta. Wanda ya fi wannan tsanani shi ne na alamar Rh. Idan jinin uwa ba shi da wannan alama, watau abin da ake kira negatif a asibiti, na jariri kuwa yana da ita, haihuwar fari takan zo lafiya, amma na bayanta su ne abin ji. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa irin wannan uwa cikin sa'a 72 bayan haihuwa ko ɓari. Wannan na ɗaya daga cikin amfanin zuwa awon ciki, domin a nan ne mace take sanin rukunin jininta.

Amma abin da ya fi shafar ƙasar nan shi ne ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, wanda aikinsa kare jajayen ƙwayoyin jini ne daga lalacewa. An gano wannan matsala a Amurka a 1956, sa'ad da ake binciken dalilin da ya sa wani maganin zazzaɓin cizon sauro yake narkar da jinin waɗansu mutane. Gadonta ake yi, ta fi kuma bayyana ga 'ya'ya maza, waɗanda ta wajen uwa suke gadonta, tana da yawa ƙwarai a Nijeriya da sauran ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Mai ita lafiyarsa ƙalau, yana iya tsufa bai san yana da ita ba, sai ranar da jininsa ya gamu da abin da ba ya so.

Babban abin da ba ya so ɗin kuwa yana cikin akwatin kusan kowace mace, shi ne kafur. Mai ciki takan tara kayan jariri tun watanni kafin haihuwa, ta jera su cikin akwati ta zuba ƙwayoyin kafur don gudun kyankyaso da asu. Ranar haihuwa a ɗebo su da warinsu a sa wa jariri. Sinadarin yana shiga ta numfashi, yana kuma ratsa fata, balle in an shafe ta da mai. Ga jariri mai ƙarancin G6PD wannan kaɗai ya isa ya narkar da jininsa cikin kwana ɗaya ko biyu. Haka nan ake tsoron man zafi da hoda mai sanyin mantol da akan shafa a ƙirji ko cibiya. Lalle ma yana cikinsu, domin a ƙasashen Larabawa da Turkiyya an sami jariran da jininsu ya narke bayan an shafa musu shi. Tun da yake ba a auna yawancin jarirai ba, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauka kowane jariri yana iya zama mai ita. A raba kayansa da kafur ɗungum, waɗanda suka riga suka kwana da shi a wanke su da kyau a shanya su a rana har warin ya fita sarai.

Ƙwayoyin cuta su ma suna tsananta shawara, ƙofar da suka fi shiga ta ita kuwa cibiya ce. Gasa ta da tsumma, ko zuba mata toka, ko gishiri, ko man goge baki, duk buɗe wa cuta hanya ne. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince da maganin shafawa mai suna kuloheksidin don kula da cibiya, ana samunsa a asibitoci da kantunan magani. A cibiya kaɗai ake shafa shi, kada ya kusanci ido.

NONO, RANA, DA MAGUNGUNAN GIDA

Abin da uwa za ta iya yi da kanta wanda yake da amfani na gaske shi ne shayarwa. Tun da ta hanji bilirubin yake fita, gwargwadon yadda jariri ya sha ya yi bayan gida, gwargwadon yadda yake raguwa. In kuwa ya daɗe cikin hanji, jiki yakan sake tsotse shi ya mai da shi jini. Dakashi, watau nonon farko mai kauri mai rawaya, shi ne yake tura baƙin kashin nan na farko waje. A wurare da dama akan matse shi a zubar, a ce bai da kyau, a riƙa ba jariri ruwa har nono ya yi fari. Wannan hasara ce babba, kuma rawayar dakashi ba ta da wata dangantaka da rawayar shawara. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko, a ci gaba da ba shi sau 8 zuwa 12 cikin dare da rana, in ya yi barci ya wuce sa'a uku a tashe shi. Daga rana ta biyar, jaririn da yake samun isasshen nono yakan jiƙa ƙunzugu kamar sau shida a yini da kwana.

Ruwan gulukos ba ya wanke shawara, cika ciki kawai yake yi ya hana yaro shan nono. Haka ruwan ɗanyar gwanda, da jiƙon saiwar rawaya, da bauri, da maganin ɗigo na kashe ƙwayoyin cuta da akan saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Waɗansu daga cikinsu suna ƙara wa ƙaramar hanta nauyi, dukkansu kuwa suna cinye kwanakin da ya kamata a ce an yi su a asibiti. Dalilin da ya sa mutane suka yarda da su a fili yake: tun da yawancin shawara da kanta take wucewa, duk abin da aka ba yaro a lokacin shi ne zai sha yabo.

Batun shanya jariri a hantsi yana bukatar bayani, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. A 1956, a wani asibiti a garin Rochford na ƙasar Ingila, wata babbar ma'aikaciyar jinya mai suna Jean Ward ta saba fita da bakwaini su sha iska a rana. Wata rana aka lura jikin wani jariri ya washe, sai wani ɗan wuri da gefen zane ya rufe shi ne ya rage da rawaya. Likitocin asibitin suka bi diddigin abin, a 1958 Dokta Cremer da abokan aikinsa suka bayyana cewa haske, musamman shuɗi, yana sāke bilirubin da yake cikin fata ya koma irin wanda jiki zai iya fitarwa ta fitsari da bayan gida ba sai hanta ta tace shi ba. Daga nan aka samo jinyar fitila da ake yi a duniya duka.

Sai dai rana ba shuɗin haske kaɗai take ɗauke da shi ba. Tana da zafin da yake ƙona fatar jariri, ya ƙafar da ruwan jikinsa, da sassafe kuma in an tuɓe shi sanyi ya kama shi. Ɗan mintocin da akan yi a tsakar gida ba su isa su sauke shawara mai tsanani ba. A Legas, a Asibitin Haihuwa na Island, an gwada wata rumfa mai rufi na musamman da yake tace hasken rana, ya tare mai cutarwa ya bar shuɗin ya wuce. Sakamakon da aka bayyana a 2015, a kan jarirai 447, ya nuna rumfar ta yi aiki daidai da fitilar asibiti ga shawarar da ba ta yi tsanani ba. Amma a lura, a cikin asibiti aka yi wannan, ma'aikata suna auna zafin jikin jariran a kai a kai, suna kuma auna jininsu. Ba hujja ba ce ta shimfiɗa jariri a tabarma a tsakar gida.

A ASIBITI

Iyaye da yawa hankalinsu yakan tashi idan suka ga an tuɓe ɗansu, an rufe masa idanu, an kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Babu zafi a ciki, ba ya kuma jin ciwo. Ana tuɓe shi ne don haske ya sami fata da yawa, ana rufe idanu don kare su. Ba a shafa masa mai ko hoda. Uwa za ta ci gaba da shayar da shi kowace sa'a biyu ko uku, ta mai da shi ƙarƙashin fitila da zarar ya ƙoshi, domin kowace sa'a da ya yi a hannun 'yan dubiya an rage masa magani ne. Bayan gidansa yakan yi ruwa-ruwa, ya yi kore-kore, wannan alama ce ta cewa abin yana fita. Galibi jinyar takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci fiye. Fata takan washe tun kafin jini ya sauka, saboda haka awon jini ne kaɗai yake nuna lokacin sallama.

Ba kowane ƙaramin asibiti ne yake da wannan fitila ba, ga kuma matsalar wutar lantarki. Wannan ne ya sa wata 'yar Nijeriya, Virtue Oboro, bayan ɗanta ya yi fama da shawara a 2015, ta jagoranci ƙera wani ɗan gadon jariri mai fitila da yake aiki da hasken rana, mai suna Crib A'Glow. Idan inda aka fara zuwa ba su da kayan awo ko fitila, a nemi takardar turawa zuwa babban asibiti a wuce a ranar, kada a koma gida da niyyar sai gobe.

Idan shawara ta kai matuƙa, ko alamomin taɓa ƙwaƙwalwa sun soma, sai a yi musanyar jini. Akan zura siririn bututu ta jijiyar cibiya, a riƙa zuƙe jinin jariri kaɗan-kaɗan ana mayar masa da wani mai kyau, har a wanke mafi yawan bilirubin. Aiki ne mai ceton rai, amma yana da nasa haɗari, yana kuma bukatar sabon jini cikin gaggawa. Jaririn da aka kawo da wuri ba safai yake kaiwa ga wannan ba.

A nan ne nauyi yake kan maigida. Shi ne mai ba da izinin fita, shi ne mai kuɗin mota, shi ne kuma zai tara 'yan'uwa in an nemi jini. Ya kyautu tun kafin haihuwa ya ware wani abu daga cikin kuɗin hidimar suna ya ajiye, ya kuma bar wa mutanen gida izini a fili, cewa in an ga wata alama a tafi asibiti ko yana nan ko ba ya nan. Ya kamata kuma ya san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Akwai iyayen da sukan matsa a sallame su tun jinya ba ta ƙare ba, wai don an riga an raba goron gayyata. Raɗin suna ba ya bukatar a fito da jariri gaban jama'a, ana iya yanka rago a yi addu'a shi yana asibiti. Askin wanzami kuwa yana iya jira. Cire belu da tsaga ga jariri ba su da wani amfani, sai jawo zubar jini da shigar cuta.

BAYAN AN KOMA GIDA

Shawara takan ɗan sake tasowa bayan an kashe fitila, don haka in an ce a dawo awo bayan kwana ɗaya ko biyu, lalle a dawo. Ko jaririn da ba a ga kome a jikinsa ba, ƙa'ida ita ce ma'aikacin lafiya ya duba shi a ranar farko, da rana ta uku, da tsakanin rana ta 7 da ta 14, sa'an nan a mako na shida. Wanda ya yi shawara mai tsanani a nemi a gwada jinsa tun yana ƙarami, a kuma riƙa lura da lokacin da ya riƙe wuya da lokacin da ya zauna. In an tabbatar yana da ƙarancin G6PD, a rubuta a katinsa, a riƙa faɗa wa duk wanda zai rubuta masa magani har girmansa.

Saura wadda takan daɗe. Idan rawaya ta wuce kwana 14 ga cikakken jariri, ko kwana 21 ga bakwaini, a koma asibiti. Sau da yawa ba wani abu ba ne, akwai jarirai masu shan nonon uwa zalla da sukan riƙe 'yar rawaya har makonni suna kuwa ƙiba lafiya lau, kuma ba a yaye su saboda haka. Amma akwai wata mai haɗari da takan ɓuya a cikinsu, wadda take faruwa idan hanyar da ruwan maɗaciya yake bi daga hanta zuwa hanji ta toshe. Ana gane ta a ƙunzugu. Bayan gidan jariri mai lafiya rawaya ne ko kore, fitsarinsa kuwa kusan kamar ruwa. Idan bayan gida ya koma fari-fari kamar alli ko farar ƙasa, fitsari kuma ya yi duhu har yana rina zane, to, wannan aikin tiyata ne, irin wanda wani likitan ƙasar Japan mai suna Morio Kasai ya ƙirƙiro, kuma ya fi yin nasara idan an yi shi kafin jariri ya cika wata biyu. Fitila ba ta maganin wannan. Uwar da ta ga haka ta naɗe ƙunzugun yadda yake, ko a ɗauki hotonsa da waya cikin hasken rana, ta tafi da shi ta nuna wa likita.